Sarautar Turawa da Na Kai Amurka a Jaka

Ni ne na yi laifi. Gara in fara da wannan, domin tun da na dawo daga Amurka 'yan majalisarmu ta bakin shagon Alhaji Bala suke damuna da tambaya: yaya ƙasar take, me na ci, da gaske ne babu ƙuda, kuma me ya sa na tafi ana ce mini Lod, na dawo na hana kowa faɗa. Kullum sai in ce musu sanyin can ne ya canza ni. Ƙarya ce, lokacin zafi na je. Ga labarin yadda yake, wanda zai yi dariya ya yi.

Sunana Tanimu. Direba na yi a masaƙa a Kaduna har ta rufe. Firamare kawai na gama, ɗan Turancin da nake ji a bayan sitiyari na koye shi wajen manajojin da na tuƙa. Mahaifinmu mai unguwa ne a ƙauyenmu ta wajen Soba, da ya rasu aka naɗa Yaya Haruna. Ban yi jayayya ba, shi ne babba kuma ya fi ni haƙuri da mutane. Amma duk lokacin da muka je gida, a durƙusa masa ana ranka ya daɗe, ni kuwa a ce, "Tanimu direba, an iso?" Abin yana sukata, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana na shiga shagon kwamfuta a Tudun Wada, mai shagon ya nuna mini wata talla. Wai wasu mutane ne a Sikotlan, can ƙasar Birtaniya, suke sayar da ɗan fili wanda bai fi inda za ka sa ƙafa ɗaya ba, su aiko maka da takarda, shi ke nan ka zama Lod. Na san kalmar. Wani manaja da na tuƙa, in zai ambaci mai kamfaninsu na Ingila, sai ya ce Lod wane, muryarsa ta yi ƙasa. Na tambayi mai shago, "Ana gadonta?" Ya ce ga shi nan a rubuce, 'ya'ya suna gada. Na sayar da ragon da nake kiwo na biya. Takarda ta iso da hatimin zinariya da hoton zaki, na kai aka sa mata gilashi. Daga ranar majalisa ta koma kirana Lod. Na san rabin abin tsokana ne, amma ina amsawa.

Babban ɗana yana Amurka, injiniya ne. Sunan mahaifina ya ci, don haka Abba ake ce masa. Ga shi ɗan fari, ga sunan uba a kansa, tun da aka haife shi bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba. Ko Abban ma sai ta kama dole, yawanci "kai" nake cewa, ko "yaron nan". Matarsa Zainab ta haihu, ya aiko mini da takardun gayyata, Allah ya sa aka ba ni biza. Da nake shirya kaya na naɗe takardar sarautata cikin babbar riga na sa a tsakiyar jaka. Na ce a raina, ban bar wa yaron nan gida ko gona ba, to ga abin da zai gada.

Jirgin ƙasa na hau zuwa Abuja, daga nan jirgin sama zuwa Adis Ababa, inda muka sauka muka canza wani. Ni da na yi shekaru ina tuƙi a hanyar Birnin Gwari ban taɓa jin tsoro irin na jirgin nan na biyu ba. Akwai ɗan talabijin a bayan kujerar gabana mai nuna inda muke, da na duba sai na ga babu komai ƙarƙashinmu sai ruwa. Na kashe shi, na kunna, ruwa dai. Na shiga bayi in kama ruwa, na danna wani maɓalli, abin ya yi wata ƙara kamar zai zuƙe ni ya jefar waje, na fito da gudu ina salati. Wata 'yar Gana da ke kusa da ni, mai jin Hausa irin ta Kumasi, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baaba, zauna, ba wanda ya taɓa faɗawa ta nan." Ita ta nuna mini yadda ake buɗe abincin jirgi. Kaza ce aka ce, amma ban ji alamar kaza a cikinta ba.

A filin jirgin Washington aka jera mu cikin wani layi mai lanƙwasa kamar hanyar dutse. Ba mai magana. Ga wani kare ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ana yawo da shi tsakanin jakunkuna. Ya wuce mutane da yawa, ya zo gaban jakata ya zauna yana kallona. Aka ja ni gefe. Kilishin da na sayo wa Abba aka fitar, aka jefa a kwandon shara ina gani. Daddawa kuwa, jami'in ya buɗe ledar ya sansana, ya ja da baya, ya kira abokinsa shi ma ya sansana. Suka tambaye ni mene ne, na ce miya. Suka bar mini ita, ina jin don ba wanda yake son ya riƙe ta. Sai hannun jami'in ya kai kan gilashin takardata. Ya ɗaga ya duba, ya mayar. Wanda ya buga mini hatimi ya tambayi sana'ata. A hanya na yi ta shirya yadda zan ce masa ni Lod ne, amma da na ga bindiga a ƙugunsa sai na ji bakina ya ce, "Direba, mai ritaya." Da ma tsoron nan ya zauna tare da ni har na dawo.

Abba ya tarye ni, ya durƙusa a gaban Turawa ya gaishe ni, na ji daɗi. Gidansu yana wani gari da ake kira Upper Marlboro, unguwa shiru kamar an yi rasuwa. Gidaje babu katanga, ciyawa a share, barewa tana yawo a bayan gida ba mai binta da gora. Aka sauke ni a ɗakin ƙasa, wato ƙarƙashin gidan, tagarsa daidai da ciyawa. Ɗaki mai kyau, amma na daɗe ban saba da kwana ina jin takun mutane a saman kaina ba. Washegari na kunna turaren wuta, sai wani abu a rufi ya fara ihu, gida ya ɗauka, jariri ya farka. Zainab ta sauko a guje tana kaɗa tawul, tana cewa, "Baba, ba komai, ba komai, amma a nan hayaƙi kaɗan sai motar kashe gobara ta zo."

Abinci ban sha wahala ba, Zainab tana tuƙa tuwo da garin shinkafa, daddawata kuma ta yi amfani. Sau ɗaya suka kai ni cin abincin da garin ke alfahari da shi. Aka shimfiɗa takarda a tebur, aka zube mana ƙaguwa jajaye da yaji a jikinsu, aka miƙa wa kowa ɗan guduma. Ina kallon manyan mutane da gemu suna fasa ƙwari suna tsotsa. Na ce azumin nafila nake yi, alhali sun ga na sha shayi da safe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin girma. Shugaban Abba na wurin aiki, tsoho mai furfura, ya kira a waya ta bidiyo, na ji yaron nan ya kira shi da sunansa tsirara, babu yallabai babu komai. Maƙwabta su ɗaga maka hannu daga nesa, ba mai tambayar gajiya ko iyali. Mutum ɗaya ce take tsayawa mu gaisa sosai, Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, gidanta na kallon namu. Ita ta gaya mini cewa sunan garin ma daga wani basaraken Ingila aka samo shi, yankin kuma sunan wani yarima ne. Na ce a raina, ashe mutanen nan suna son sarauta, rasa ta suka yi.

Da yamma na fito da takardata na miƙa wa Abba. Na ce, "Kai, riƙe wannan. Bayan raina taka ce." Ya karanta, ya yi ƙoƙarin daurewa, dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Baba, wa ya sayar maka da wannan? Don Allah ka mayar da ita jaka. Nan ba a wannan." Bai yi da raini ba, amma dariyar ta yi mini ciwo. Na ce a raina, boko ya sa ya raina abin ubansa, bari wanda ya san darajarta ya gani.

A zaman nan ne ya gaya mini cewa kamfaninsu a Alexandria, wani gari da ke tsallaken kogi, yana yi wa gwamnati aiki, kuma an zaɓe shi ya shugabanci wani sabon aiki mai sirri, amma sai an gama bincikensa tukuna. Ya ce za a tambayi maƙwabta da abokai. Ya ce, "Baba, in wani ya zo yana tambaya, ka ce ba na nan, ya kira ni." Na ce to. Ni dai na san bincike. A wurinmu in za a ba ɗanka aure ko muƙami, aka zo tambayar asalinsa, ai ranar ce za ka ɗaga shi. Ka ambaci kakansa da kakan kakansa, in akwai rawani a dangi ko na nesa ne ka jawo shi kusa. Uban da aka zo wa tambaya ya ce "ba ya nan" ya rufe ƙofa, ai ya kashe ɗansa.

Wata safiya Abba yana wurin aiki, Zainab ta kai jariri awo, ina zaune a baranda da babbar rigata, sai ga wata Baturiya ta fito daga gidan maƙwabcinmu da ɗan littafi a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ta nuna mini kati mai hotonta, ta ce ita ce mai binciken. Ta ce ba lallai ne in yi magana ba. Na ce, uban yaro ne a gabanki, wa ya fi ni saninsa? Na kawo mata kujera, na yi mata tayin shayi ta ce ta gode. Na fara da cewa yaron ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa faɗa da kowa ba. Tana rubutawa tana murmushi. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai na ce ta jira ni, na sauka ɗaki na ɗauko gilashin.

Na ce mata ni Lod ne na ƙasar Birtaniya, kuma wannan yaron shi ne magajina. Murmushin ya ragu. Ta tambaya, "Ɗanka yana da fili a wata ƙasa?" Na ce yana da shi a Sikotlan, nawa nasa ne. Ta ce, "Sarautar gado ce?" Na ce ƙwarai, daga ni sai shi, daga shi sai jaririn nan. Ta ce, "Ya san da wannan?" Na ce ya sani sarai, da hannuna na miƙa masa. Har na ƙara da cewa fadar Ingila ta san da gidanmu. Wannan kam ko mai shagon kwamfuta bai gaya mini ba, daga bakina ta fito. Ta rubuta duka, ta ɗauki hoton takardar da wayarta, ta yi godiya ta tafi. Na zauna ina jin na yi wa ɗana abin da uba ke yi.

Muna cin tuwon yamma na ba su labari, ina jiran godiya. Zainab ta ajiye cokali. Abba ya dube ni, tun yana yaro ban taɓa ganin ya dubi tsakiyar idona ba sai ranar. Ya ce, "Baba, me ka ce mata? Faɗa mini daidai yadda ka faɗa." Na maimaita. Ya tashi ya wanke hannu, ya fita bayan gida ya tsaya yana kallon itatuwa.

Zainab ce ta yi mini bayani. Ta ce ranar da Abba ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, an tambaye shi ko yana da sarautar gado ta wata ƙasa, domin dokarsu sai ka ajiye ta kafin su karɓe ka, ya rantse ba shi da ita. A binciken nan ma an tambaye shi ko yana da fili ko dukiya a waje, ya ce babu, ya sa hannu. Ta ce, "Baba, yanzu ga mahaifinsa ya ce yana da duka biyun, kuma ya sani. A nan in aka ce ka yi wa gwamnati ƙarya, ba sabon aikin kawai ba, wanda yake hannunsa ma zai iya tafiya. Kuma ba a nan abin yake tsayawa ba, har takardar zama ɗan ƙasar ana iya taɓawa." Ta dubi jaririn, ba ta ƙarasa ba.

Ba a jima ba aka kira Abba aka ce ya dakata da shiga sashen da yake aiki har sai an duba maganar. Ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, katin da yake ratayawa a wuya babu shi. Daga nan tsoro ya shiga gidan ya zauna. In na ji jiniya a babban titi sai in miƙe tsaye. Motar masu kawo wasiƙa ta tsaya a ƙofa, in leƙa ta tagar ɗakina, ƙafafu kawai nake gani a kan ciyawa, in ce shi ke nan sun zo. Na riƙa ganin yaron nan da ankwa, ana fitar da kayansu waje, Zainab da goyo a filin jirgi. Shekarun da ya yi yana karatu da rana yana gadi da dare, duk na tattara na miƙa wa wata mata a baranda don a ce da ni wani abu. Abba bai fasa gaishe ni ba, kullum da safe zai sauko ya durƙusa, "Baba, an tashi lafiya?" Amma daga nan ba ƙari. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san abin da ya kamata in ce masa, bakina ya ƙi. Uba ya ba ɗan fari haƙuri? Ban taɓa gani ba, mahaifina bai yi wa Yaya Haruna ba. Sai na koma ga abin da na iya. Kullum da sassafe in ɗebi ruwa a bokiti in wanke motarsa, har tayoyi. Ya fito ya gani, ya ce, "Baba, ka bari, akwai inji mai wankewa." In ce motsa jiki nake yi.

Ina cikin wankin nan Sista Rifkatu ta dawo daga aiki, ta tsallako. Zainab ta riga ta gaya mata. Ta ce, "Baba Tanimu, kai ma dai! Ɗauko mini takardar nan in gani." Ashe kafin ta zo Amurka ta yi shekaru a Ingila tana jinyar wata tsohuwa, matar wani basarake. Ta zauna a matakala da kayan aikinta, ta duba takardar, ta girgiza kai.

Ta ce, "Bari in gaya maka yadda nasu yake. Hawa-hawa ne. Na sama shi ne Diyuk, sai Makwis, sai Erl, sai Baikaunt, na ƙasa Baron. Ban da Diyuk, duk sauran Lod ake ce musu in ana magana da su. Mijin tsohuwata Erl ne."

Na ce, "To kamar Waziri da Galadima da Madaki ke nan."

"Kusan haka, amma su babu masu zaɓe. Mu in sarki ya rasu ai a zauna a duba cikin 'ya'ya da 'yan'uwa wa ya dace. Su babu dubawa. Babban ɗa namiji, ko wawa ne, shi zai kwashe sunan da gidan da gonakin. Tun uban na da rai ma ana ara masa ƙaramar sarauta yana amsawa."

"Ƙannen fa?"

"Su nemi aiki. Ƙanin mai gidanmu motoci yake sayarwa, in ya zo gidan da aka haife shi sai ya buga waya tukuna. 'Ya'yansa kuwa ba su da komai, kamar ni da kai."

Na tuna kaina a ƙofar gidan Yaya Haruna, wanda ban taɓa neman izinin shiga ba, kuma kullum sai an yanka mini kaza.

Ta ce, "Tsohuwar nan 'ya'ya mata kawai ta haifa. Da mijin ya mutu, ƙanin nan ya riga shi rasuwa, shi ma bai bar namiji ba, sai aka bi dangi aka nemo wani ɗan'uwa na nesa wanda bai taɓa taka gidan ba, aka ce shi ne sabon Erl. Ni na taya ta haɗa kaya. Tana kuka tana ce mini, Rifkatu, labulen nan ni na zaɓe su. To ka ga abin da 'yar cikinsa ba ta samu ba, shi ne za a aiko maka Tudun Wada a kan kuɗin rago? Akwai wadda gwamnatinsu ke ba mutum don ya yi abin kirki, ita kuma in ya mutu ta mutu, ɗa ba ya gada."

Na ce, "To tawa wace iri ce?"

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Abin wasa ne, irin wanda suke saya wa juna ranar zagayowar haihuwa a yi dariya. Na san wadda ta saya wa karenta. Filin ma ba sunanka ne a kansa ba a hukumance."

Soso ya faɗi daga hannuna. Kare. Na tuna ƙaramin karen filin jirgi da rigarsa.

Ta ce, "Kada ka ɓata rai, wannan ne zai ceci Abba. Da ta gaske ce da an shiga uku. Tunda banza ce, sai a nuna musu banza ce. Amma in shi ya faɗa, za su ce kare kansa yake. Bakin da ya ce akwai, shi zai je ya ce babu."

Abba ya nemi a ba ni dama in je in gyara maganata, aka sa rana. Muka tafi Alexandria a motar da na wanke, muka haye wata doguwar gada a kan kogi. Dogayen benaye ne ko'ina, duk iri ɗaya. A ƙofar ginin aka sa na cire hula da agogo da carbi na zuba a tire, na bi ta wata ƙofa mai ƙara. Na ɗauka daga nan ba zan fito ba. Aka bar Abba a waje, aka shigar da ni wani ɗaki marar taga. Baturiyar nan mai bincike tana zaune, da wani namiji mai tabarau. Suka ce za a iya samo mini tafinta ta waya. Na ce a'a, da Turancin da na yi ɓarnar da shi zan gyara.

Na ajiye gilashin a tebur. Na ce ni ba Lod ba ne, direba ne. Na ce rago na sayar na sayi takardar nan a shagon kwamfuta. Na ce ranar da na nuna wa ɗana dariya ya yi, ya ce in ɓoye ta, kuma ya hana ni magana da kowa, ni na ƙi ji. Na ce fadar Ingila ba ta san ko akwai ni a duniya ba. Mai tabarau ya tambaya, "To me ya sa ka faɗa?" Na ce a ƙasarmu in an zo tambayar ɗanka ɗaga shi kake yi. Sannan na ga tunda na zo gara in ƙarasa. Na ce kuma ni kaina nake ɗagawa. Matar ta dube ni, ta ce ta taɓa ganin irin takardar, ta yarda da ni, amma abin da aka rubuta an rubuta, sai ta ƙara wannan a kai, na sama da ita su yanke. Ta miƙo mini gilashina. Ban so karɓa ba.

Aka shiga jira. Bizata tana ƙarewa, ba labari. Na cire takardar sarautar daga gilashin na yayyaga, Zainab ta sa hoton jaririn a gilashin. Saura kaɗan in taso aka kira Abba. An wanke shi, an mayar masa da katinsa, aikinsa yana nan. Amma sabon aikin ba ya jira, an riga an ba wani. Ya faɗa mana a tsaye a bakin kicin, ya ce, "Alhamdu lillahi, wani zai zo." Zainab ta juya tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na sauka ɗakina. Nan ma ban faɗa ba.

Ranar tafiya shi ya kai ni filin jirgi. Hanya mai tsawo ce, na yi ta juya maganar a bakina, duk lokacin da na buɗe sai in ce ya rage gudu, ko in tambayi sunan wani gari. Muka iso inda ake sauke matafiya, wurin da ba a barin mota ta daɗe. Ya fito da jakata, ya durƙusa a gefen titi, ya ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya. A gaida su Baba Haruna." Wani ɗan sanda ya nufo mu yana busa usur yana kaɗa hannu a tafi. Da a farkon zuwana ne da na ruga ciki. Na bar shi yana busawa. Na kama kafaɗar yaron na ɗaga shi tsaye, na kira shi da sunan da ban taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa masa.

Na ce, "Sulaimanu. Ka hana ni, na ƙi ji. Ba don kai na yi ba, don kaina na yi, kai ka biya. Ba ni da abin da zan bar maka, abin da ka samu da guminka ma na taɓa. Ni ne na yi laifi. Ka yafe mini."